Sohal Ba Ya Karɓar Baƙo

Bayan sallar asuba, wata rana a watan Maris na 2015, na tsamo gawar kifi ta goma sha ɗaya daga tankin gilashin da ke babban falon maigidana a arewacin Jidda. Na ɗora ta a tafin hannuna ina dubawa. Kifi ne rawaya kamar ɗorawa, mai faɗin jiki, a gefensa kuwa akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa, sai ka ce an ja masa reza. Na ɗaga kai, ga wanda ya yi aikin yana kai da kawo daga wannan bango zuwa wancan, ko a jikinsa.

Tuƙi ne ya kai ni Jidda a 2013, ba kiwon kifi ba. Amma ni ɗan Yauri ne, mahaifina Basarke, a bakin Kwara na tashi, na yi su a tafkin Kainji tun ban kai in ja koma ni kaɗai ba. Da maigida ya ji haka sai ya ce ai ɗan masunci ya san kifi, ya miƙa mini makullin ɗakin injuna. Na san inda giwan ruwa ke kwana, na san haƙoran tsage, na san yadda ake banda tarwaɗa ta yi wata ba ta lalace ba. Yadda kifi ke zama da ɗan'uwansa kifi a wuri guda, wannan babu wanda ya taɓa koya mini, domin masunci kamu ya sani.

Tankin ba ƙarami ba ne. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 1, zurfinsa mita 1, yana cin lita 3,000. Ruwan kaɗai ya haura tan 3, sai da aka ƙarfafa daɓen kafin a girka shi. Ba daga teku ake ɗebo ruwan ba, tataccen ruwa ake haɗawa da gishiri na musamman, giram 35 a kowace lita, wato kilo 105 kafin ya cika. A bayan bango akwai ɗan ɗaki mai famfuna da matata da injin sanyaya ruwa, don zafin Jidda ba zai bar shi ya tsaya a digiri 25 da ake so ba. Wani ma'aikaci ɗan Filifin ne ke zuwa sau ɗaya a wata yana duba injunan. Duk wannan an yi shi daidai. Wurin zaɓen masu zama a ciki ne aka yi kuskure.

Mai shagon da muka je ya ce a fara da sohal, wai yana da juriya. Aka saka shi, ya yi mako biyu shi kaɗai, ya zagaye kowane dutse ya mai da shi nasa. Sannan muka koma shagon. Ina tsaye a bayan maigida yana nuni da yatsa, wannan ja, wancan shuɗi, wancan mai gashi kamar tuta, mai shago na kamawa yana ɗaurewa a leda, bai ce uffan ba. Kifi 24 muka kwaso a yammaci ɗaya, muka juye su gaba ɗaya. Daren nan falon ya yi kyau ƙwarai, baƙi suka yi ta ɗaukar hoto.

Da gari ya waye ƙanana uku sun ɓace. Na duba bayan duwatsu, na duba ƙasa ko sun yi tsalle, sai idona ya faɗa kan wanda wasu Larabawa ke kira zakaran teku, mai ƙayoyin dafi a gadon baya, yana rataye a inuwar dutse cikinsa ya yi tulu. Akwai kuma wanda na sa wa suna mai sakata, saboda ƙayar bayansa da yake miƙarwa ya kulle idan ya shige rami. Shi ya murƙushe jatan lande da dodon koɗin da aka zuba don su riƙa share gansakuka, da ya gama da su ya koma gutsurar fiffiken zakaran. Sohal kuwa bai ci kowa ba. Kora kawai yake yi, daga safe har dare, wanda ya tsaya ya juya masa wutsiya ya yanke shi da wuƙar da Allah ya dasa masa a gindinta, ɗaya a kowane gefe, ruwan lemo. Kifin da ake kora ba ya cin abinci, wanda bai ci ba kuwa cuta ce ke binsa. Cikin mako na biyu fararen ɗigogi kamar garin gishiri suka feso a jikinsu. Bayan mako uku, goma sha ɗaya na tsamo da hannuna, takwas an haɗiye, shida suka rage.

A kasuwar kifi ta Bangala na haɗu da Baba. Na je sayo najil na girkin gida, na ji wani dattijo yana faɗa wa yaro da Hausa ya ƙara ƙanƙara a kwando. A Jidda aka haife shi, a unguwar Karantina yake zaune. Kakansa ne ya bar Kano da ƙafa, ya yi shekaru yana noman ƙodago a Sudan, ya tsallako daga Suwakin don aikin hajji, bai koma ba. Baba bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa tana da ɗanɗanon Larabci, amma ya shafe rayuwarsa yana su da nutso a Bahar Maliya. Na ba shi labari duka. Ya saurara yana feɗe kifi, bai katse ni ba.

"Ɗana, ka taɓa ganinsu a gidansu?"

"A'a, Baba. A shago na gan su."

"To a kurkuku ka gan su. Ka zo ranar hutunka."

Muka fita ta Obhur a ƙaramin jirgin ɗan ƙanensa. Ya ba ni gilashin ido da bututun numfashi, ya ce in kwanta a kan ruwa kawai, ba zan nutse ba. Gaskiyarsa, ruwan Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, yana ɗaga mutum yadda Kwara ba ta yi. Da na kifa fuskata sai na manta da numfashi. Ni da na saba da ruwan da ba ka ganin hannunka a ciki, ga ni ina kallon gari guda a ƙasana, da unguwanni da lunguna. An ce kifin tekun nan ya haura iri 1,000, kuma fiye da ɗaya cikin goma ba a samunsu ko'ina sai nan.

A saman tudun murjani, inda igiyar ruwa ke fashewa, na ga sohal. Ba irin namu mai tsawon tafin hannu ba, manya ne, wasu sun kai kamu biyu, da zane-zanen fari da baƙi a jiki da shuɗin layi a bakin fiffike. Kowanne yana da filinsa na gansakuka, yana kiwo yana gadi. Na ga ɗaya ya kori garken kifi sun fi ashirin, ya bi su har iyakar filinsa, sannan ya juyo. Su kuma suka matsa gaba kaɗan suka ci gaba da harkarsu. Na ɗago na faɗa wa Baba abin da na gani.

"Yawwa. Ba mugu ba ne, manomi ne. Gonarsa yake tsaro. A nan wanda aka kora yana da wurin zuwa. A gilashinka ina zai je? Gonar sohal ɗaya ta fi falon maigidanka, kai kuma ka ba shi makullin gida tun kafin kowa ya iso."

Muka yini a nan. Ya nuna mini kifin malam-buɗe-littafi, rawaya masu shuɗin tabo a bayan ido, biyu-biyu suke tafiya, suna fakewa a ƙarƙashin murjani mai faɗi kamar faifai. Ya nuna mini gajimaren 'yan ƙanana ruwan lemo, antiyas, suna shawagi a gefen gangara, da motsi kaɗan duk su shige rami, su sake fitowa. Ya ce in lura da ɗaya mai launin jan garura da doguwar ƙaya a baya, shi ne namijin, sauran matansa ne, kuma idan ya mutu babbar cikinsu ce za ta rikiɗe ta zama namiji ta riƙe gidan. Na ɗauka zolayata yake yi. Ya ce Allah ya ba ni tsawon rai zan gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarsa muna dawowa. Ya ce kifi ba ya ɓata ƙarfinsa kan wanda bai yi kama da shi ba. Mai siffarsa da launinsa da irin bakinsa yake tsana, domin shi ne zai ci abincinsa, ya kwana a raminsa. Wanda ya girma a gidan kishiyoyi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya ce kuma kafin in kalli launin kowane kifi in kalli bakinsa. Duk abin da zai shiga bakin nan, to ranar shigarsa kawai ake jira, komai daɗewar zaman lafiya.

Baba ya san teku, ɗan Filifin ya san gilashi. Ɗan Filifin ɗin ne ya gaya mini fararen ɗigogin nan wata ƙwaya ce da ke cin jikin kifi, ta faɗo ta kwanta a yashi, ta hayayyafa ta sake tasowa, kuma ba ta rayuwa idan babu kifi. Saboda haka muka kwashe shidan da suka rage zuwa ƙananan tankuna a ɗakin baya, muka yi musu magani mai sinadarin tagulla. Ya ja mini kunne kada digo ɗaya ya shiga babban tanki, domin tagulla na kashe jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsu na tsotse ta su riƙe. Babban tankin ya zauna mako 11 ba kifi ko ɗaya, injuna na aiki, fitila na kunne, duwatsu kawai. Baƙi su shigo su tambaya ina kifin, maigida ya kau da kai.

A makonnin nan na sayi littafin rubutu. Duk kifin da maigida ya ambata sai in rubuta girman da zai kai, ba wanda yake da shi a shago ba, da abin da yake ci, da inda yake kwana, da wanda ya yi kama da shi. Wasu ranakun nakan je gidan kifin Fakieh da aka buɗe a bakin Kornish a 2013, in sayi tikiti in tsaya gaban tanki ɗaya har ƙafata ta gaji, ina kallon wa ke kauce wa wa. Na sake jera duwatsunmu, na raba su tsibi uku da fili a tsakani, yadda wanda aka kora zai sha kwana ya ɓace wa mai korarsa, na kuma tabbatar ramukan kwana sun fi masu kwana yawa.

Sai ranar da na kai wa maigida littafin. Larabawan can suna cewa "ɗal umrak", daidai da namu "ranka ya daɗe", don haka bakina bai sha wahala ba. Yana son najil, ja mai shuɗin ɗigo, sarkin teburin Jidda.

"Ranka ya daɗe, najil yana kusan kai mita. Bakinsa zai ɗauke duk wanda ke cikin littafin nan."

Yana son harid, mai launin kore da shuɗi. Na ce haƙoransa a haɗe suke kamar bakin aku, dutse yake kankara ya ci abin da ke kai, yunwa za ta kashe shi a wurinmu. Yana son murjani mai rai, irin wanda ke buɗewa kamar fure. Na ce ana iya yi, amma sai ya haƙura da malam-buɗe-littafi da wani kifi da ake kira asfur, domin su murjani abinci ne a wurinsu. Ya ɗan fusata, ya ce shi da kuɗinsa komai ya nema sai a ce a'a. Ban ga laifinsa ba, mutum ne mai son abin da ya gani, kuma ba a saba ce masa a'a ba. Mahaifiyarsa ce ta raba gardamar. Hajiya ta tsufa, a keken guragu take, kullum bayan la'asar ana turo ta gaban tankin ta zauna da carbinta. Ta ce ita rawayan nan masu tafiya biyu-biyu take so, a bar murjani a teku.

Akwai wanda ni kaina na so, ɗan siririn nan mai baƙin layi da ke yi wa manyan kifaye wanzanci, yana shiga har bakinsu yana cire musu ƙwari ba su haɗiye shi ba. Baba ya hana. Ya ce a teku kifi ɗari ne ke layi a shagonsa, a gilashi wa zai yi wa aski har ya ƙoshi? Yawancinsu ramewa suke yi su mutu, kuma inda aka ɗauke shi an bar unguwa ba wanzami. Muka sa jatan lande masu jan baya da farin layi, su ma suna wannan aikin. Zakaran teku da mai sakata aka ba wani ɗan'uwan maigida da ke ajiye manyan mafarauta.

Shigar da su ta ɗauke mu wata bakwai. Kowane baƙo sai ya yi mako huɗu a ɗakin baya ina kallon cinsa da fatarsa kafin ya ga falo. Raunana muka fara sakawa, don su san ramuka kafin masu ƙarfi su iso: antiyas takwas, namiji ɗaya da mata bakwai, waɗanda sai an ba su abinci sau uku ko huɗu a yini, da wasu biyu cikin shidan da suka tsira, masu fararen ɗamara biyu, waɗanda jikokin gidan ke kira Nimo saboda fim ɗin yara na 2003. Sai ɗan shuni, ɗan mitsitsi da bai wuce yatsa ba, wanda Maliya ce kaɗai mahaifarsa. Bayan wata guda rawayan Hajiya suka shiga, tare a rana ɗaya. Sannan asfur, baƙi-shuɗi mai jinjirin wata rawaya a gefe, shi kaɗai a danginsa. Na ƙarshe shi ne ɗan'uwan sohal na nesa, shuɗi mai wutsiya ruwan ɗorawa, shi ma da 'yar wuƙarsa, amma da ya tarar kowa ya kama wurinsa sai ya yi kwana biyu yana hura hanci ya haƙura. Kifi 15 a inda muka taɓa cusa 25. Ba a rasa 'yar tsama, asfur yakan yi gurnani idan an matso kogonsa, har ta gilashi ana jin sautin, amma kowa na fitowa cin abinci, kuma da safe lissafina na cika.

Saura sohal. Yana ɗakin baya a tanki mai lita 600, yana kai da kawo, ni nake ba shi busasshen ganyen teku a maƙale da ɗan matsi. Na saba da shi, yana gane takuna. Maigida ya fi son sa a kan duka, kullum sai ya tambaya yaushe zai koma. Na ce ina tsoro, ya ce a gwada, yanzu ai shi ne baƙo. Maganarsa tana da kan gado, don haka na yi duk dabarar da na koya. Na sa shi a akwatin roba mai huji a cikin tankin kwana biyar, yana ganinsu suna ganinsa. Na juya wasu duwatsu don kada ya tuna tsohon gidansa. Na sake shi da dare fitila a kashe, cikinsa a ƙoshe. Na manna madubi a gefe ɗaya, ya yi ta faɗa da hotonsa.

Kwana tara lafiya lau, har na fara sakin jiki. A rana ta goma Hajiya ce ta kira ni, ta ce shuɗin nan bai fito ba tun da ta zauna. Na same shi a maƙale a saman kusurwa bayan bututu, launinsa ya koɗe, fiffikensa a yage, da sabuwar tsaga a kafaɗa. Shi ya fi kama da sohal a ci da ɗabi'a, da shi aka fara. Na san rawayan ne za su biyo baya.

"Ranka ya daɗe, ko shi kaɗai, ko su goma sha biyar. Tankin nan ba zai ɗauki duka ba."

Maigida ya daɗe yana kallon sohal yana yanka ruwa daga bango zuwa bango. Kifi ne kyakkyawa, ban taɓa musun wannan ba, babu mai iyo irin nasa a cikinsu. Ya ce in cire shi. Kwana biyu na yi da tarkon gilashi da ganyen teku kafin ya yarda ya shiga. Na so in kai shi Obhur in sake shi, Baba ya ce kul, kifin da ya zauna da na shago ya yi cuta ba a mai da shi teku, kada ya kai musu abin da ba su sani ba. Wani abokin maigida mai tankin da ya ninka namu sau da yawa, cike da manyan kifaye, shi ya karɓe shi. Ni na kai shi da kaina a mota, na riƙa rage gudu a kowane kwana don kada ruwan ya girgiza. Shuɗin ya warke cikin wata guda, tabon dai bai ɓace ba.

A 2018 namijin antiyas ya yi tsalle ta wata 'yar kafa da ke gefen murfi, na tsince shi a bushe a bayan tanki. Na toshe kafar da raga, na zuba wa matan ido. Cikin kwanaki babbarsu ta fara kora sauran tana tattara su wuri guda. Launinta ya soma duhu, ruwan lemon ya juya jan garura, ƙayar bayanta ta yi tsawo. Kafin wata biyu babu mai cewa mace ce a da. Na ɗauki hoton bidiyo a wayata na nufi Karantina.

Baba ya riga ya daina zuwa Bangala, ƙafafunsa sun kumbura, a kan tabarma na same shi a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya kalli sabon namijin ya gyaɗa kai, bai ce komai a kansa ba. Sai ya sa na maimaita daga farko, yana bin su da yatsa yana ƙirgawa a hankali.

"Goma sha uku na gani, ɗana. Ina ɗayan?"

"Ɗan shuni ne, Baba. Yana ƙarƙashin dutsen hagu, ba ya son waya."

"Yana fitowa cin abinci?"

"Shi ne na farko."

Ya miƙo mini wayar, ya kira jikarsa ta kawo mana shayi.